Gwaggo Saudatu da Kwatarniyar Masallaci

Duk wanda ya bi ta bayan dangar Gwaggo Saudatu da sassafe, a nan unguwarmu ta gefen Tafoki, zai ji ƙarar moɗa a bakin randa. Sau ɗaya zai ji, kada ma ya tsaya jiran na biyu. Da moɗar nan guda take alwala, kuma ba a ƙasa take yi ba. Tsugunawa take yi a kan kwatarniya, abin da ya sauko daga fuska da hannu ya taru a ciki, ta jiƙa wankinta da shi. Akushi da ƙore kuwa sai ta goge su da toka da yashi tun suna bushe, kafin su ga ɗigon ruwa. Ruwan ɗauraya ta dama wa awaki dusa da shi. Ƙasarin da ta wanke gero ba ya zuba, ko ya shiga kunu ko ya shiga cikin akuya. Ruwan wanki ta yayyafa wa tsakar gida kafin shara, ragowar ta kai gindin zogalen da ke bayan ɗakinta. Kafin hantsi tulu guda ya yi mata aikin da a wani gidan sai an yi sawu uku a rijiya.

Matan unguwa sun daɗe suna yi mata dariya. Wasu su ce rowa ce, wasu su ce tsufa. Ita kuwa ko a jikinta. In ta shiga gidanki ta tarar kin watsar da ruwa, ba ta gaishe ki ba sai ta tambaye ki, "Ke, ƙasa ta roƙe ki ne?" Babu macen da ba ta sha wannan tambaya ba a unguwar nan, har matar mai unguwa.

'Yar garin 'Yargoje ce, aure ya kawo ta Tafoki tun ban san hannun damana ba. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna goye. Sana'arta wankan jego. Macen da ta haihu, uwarta na nesa ko ba ta da rai, Gwaggo ake kira. Ita ke hura wuta, ita ke ɗora tukunya, ita ke riƙe da ganye safe da yamma har a yi arba'in. Ladanta ɗan sabulu, ɗan hatsi, wani lokaci "Allah shi saka" kawai. Bana bayanta ya ƙi, ba ta iya ɗaga tukunya, ta ajiye aikin. Ni kuwa, Salihu, malamin ajin yaƙi da jahilci na wannan yanki, na ce wallahi ba za ta ajiye a ɓoye ba. Kullum muna karanta yabon manya masu doki da zagi. To, yau ga yabon tsohuwa mai moɗa, wanda ya ga dama ya ji haushi.

Ba don alheri na gaba ɗaya nake wannan rubutu ba, bashin rai ne a kaina. Bari in faɗa muku yadda aka yi.

Bazarar 1954 ba wanda ya manta ta a nan. Damina ta ɗauke da wuri, rafin da muke tona yashinsa ya bushe har ƙasa, Fulani suka kora shanunsu kudu tun kafin lokaci. Rijiya guda ta rage wa unguwa, ita ma ba a jan ta, kwarfa ake yi. Mutum ya shiga da ƙoƙo ya jira ruwa ya tsattsafo, ya ɗebo rabi ruwa rabi laka. Mai unguwa ya yanke cewa kowane gida tulu ɗaya a yini, ko gidan mutum goma ne. An yi faɗa a bakin rijiyar nan, an fasa tuluna, an yi zagin da har yau wasu ba sa ga maciji.

A cikin wannan hali mai ɗakina, Adama, ta haihu. Haihuwar fari, ranar wata Laraba, bayan ta kwana biyu a kan gwiwa. An sami mace, amma uwar ta zubar da jini har ba ta iya ɗaga kai. Kowa ya san abin da muka gada: maijego sai da ruwan zafi, babbar tukunya safe, babbar tukunya yamma. In aka rasa, muna cewa sanyi ya shige ta, ta kumbura, ta tafi ta bar jariri. Warkarwa ta Allah ce, amma mun ga matan da aka yi wa sakaci, mun kuma raka su makwanci. Itace na tara tun da kaka, ya kai tsayin danga. Ruwa fa? Tulu ɗaya, gida mai mutum bakwai.

Mahaifiyata, Inna Mero, ta ce ba wata dabara, a ɗora ta a jaki a kai ta gidan iyayenta a Damari, an ce can rafinsu da sauran ruwa. Hankalina ya tashi. Gwaggo Saudatu, wadda muka kira don wankan, tana durƙushe tana duba idon Adama, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Mero, ɗiyar nan in ta hau jaki cikin ranar ga, ba ta kai rabin hanya. Gawa za ki kai ma uwatta."

Inna ta ce, "To, a bar ta nan sanyi shi kashe ta? Da me za ki yi wankan, da miyau?"

"Ku bar ni da ruwa," in ji Gwaggo. "Ku dai ku ba ni gidan."

Muka ba ta gidan, ta kuwa karɓe shi kamar ta ci mu da yaƙi. Ta ɗauke moɗa daga bakin randa ta rataya a ɗamararta, wanda zai sha sai ya zo wurinta. Wanka ta hana kowa. Ni da nake malami, mai zuwa aji da farar riga, tsumma ta jiƙa ta miƙo mini, ta ce in goge wuya da hammata in yi gaba. A makewayi ta sa na daɓe wuri mai gangare, na tona rami a ƙarshensa, ta binne tukunya har wuya, don ruwan da ya sauko daga jikin maijego ya gangara ciki. Da shi take wanke tsummokaran jariri, abin da ya rage ta kai gindin zogale. Sannan ta bi gida gida tana koya wa mata goge kwano da toka da ba awaki ƙasari, ta ce abin da suka rage su ba ta, ko ludayi ne. Wasu suka ba, wasu suka rufe ƙofa. Duk da haka in ta haɗa, tukunyar jego ko rabi ba ta kai ba.

Ran nan da azahar na dawo daga rijiya na hango ta tsaye nesa da masallaci, ta ƙura wa wuri ɗaya ido. Na matsa na ce, "Gwaggo, lahiya?" Ta nuna mini da haɓa. Wurin da maza ke alwala ne, gindin wani dutse. Duk garin ƙasa ta yi fari fat ta tsage, nan kaɗai take baƙa, da danshi, har kaji sun kwanta a kai.

Ta ce, "Ka gani? Sau biyar a yini ƙasa tana shanye rabon Adama."

Ba ta yi shawara da kowa ba, ta wuce zauren Liman, Malam Gide, ta durƙusa daga waje ta yi sallama. Ina bayanta ina jin kunya, ita ba ta ji. Ta ce tana roƙon a bar ta ta ajiye kwatarniya a wurin alwala, maza su riƙa yi a kanta. Malam Gide tsoho ne mai sanyin magana. Ya shafa gemu, ya ce shi bai ga haramci ba, ruwan da aka yi alwala da shi ba najasa ba ne, wankan jego kuma ba wankan ibada ba ne. Amma ya sa sharaɗi: kurkurar baki da fyace hanci a yi gefe, wanke ƙafa a yi gefe, fuska da hannuwa kawai za a yi a kan kwatarniya. Gwaggo ta ce, "Malam, ko ni abin da zan roƙa ke nan."

Da Inna ta ji, sai da ta dafe ƙirji. "Ruwan gemun maza a jikin surukata? Wannan wace irin ƙazanta ce!" Gwaggo kuwa ta ci gaba da aikinta. Ta tace ruwan da farin ƙyalle, ta bar shi ya kwanta, ta sake tacewa, ta haɗa da wanda mata suka ba ta, ta zuba ganyen tsamiya, ta hura wuta har ya yi ta tafarfasa. Sannan ta ɗebo a ƙoƙo ta miƙa wa Inna, ta ce ta duba ta nuna mata gemu ko ɗaya. Inna ta duba, ta yi tsaki, ta koma ɗaki. A ranar aka yi wa Adama cikakken wanka na farko, ina zaure ina jin ƙarar ganye.

Aka yi suna, aka ci gaba. Adama ta fara zama da kanta, nono ya kawo. Na fara barci. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Akwai wani maƙwabcinmu, Nata'ala, mai fataucin dabbobi tsakanin nan da kasuwar Ƙanƙara. A makon nan hannunsa na dama ya kumbura, wani irin maruru ya fito masa, ga kuma bijiminsa ya faɗi ya mutu. Yana zaune a ƙofar masallaci sai ya ce, shi fa abin nan ya fara ba shi tsoro. Tsohuwar da ba ta da ɗa a raye, ta bi ta tara ruwan fuskar maza, wa ya san abin da take yi da shi in ta shige gida? Ai kowa ya san da gashi da farce da sawun ƙafa ake yi wa mutum sammu, balle ruwan da ya taɓa goshinsa. Ya ɗaga hannun nan mai kumburi ya ce, "Ku duba. Da wanga hannu na yi alwala a kwatarniyatta."

Jama'a, magana ba ta da ƙafa amma ta fi doki gudu. Kafin la'asar ta shiga kowane gida. Wanda kansa ya yi ciwo ya tuna kwatarniya, wanda ya yi mugun mafarki ya tuna kwatarniya. Maza suka koma yin alwala a gida, ko su zagaya bayan masallaci su yi a ƙasa. Matan da ke ba ta ludayi suka daina, in sun hango ta su ja 'ya'yansu ciki. Washegari da Gwaggo ta je ɗauka, ta tarar da kwatarniyar a fashe, an ɗora mata dutse a tsakiya. Rijiya ta ba da, guga ya hana.

Kwana biyu ba a yi wa Adama wankan kirki ba, sai shafa da tsumma mai ɗumi. A na uku ƙafafunta suka tasa, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Zazzaɓi ya rufe ta, nono ya janye, jaririyar ta yi ta tsala ihu har muryarta ta dushe. Na shiga na same ta tana kallon rufin ɗaki, ta ce mini a hankali, "Malam, in na tahi, ka ba Gwaggo ɗiyar nan." Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina fitowa na ga Inna ta sa an ɗaura wa jaki akumari, ta ce gobe da sassafe sai Damari, in mutuwa ce ta mutu a hannun uwarta, kada a ce mu muka kashe ta.

Zuciya ta ɗebe ni, na zari sanda zan nufi gidan Nata'ala. Gwaggo ta tare ƙofar zaure da jikinta. Leɓɓanta duk sun tsage, don daga baya na gane nata rabon ruwan ma a tukunyar Adama take juyewa. Ta ce, "Ina za ka?"

Na ce, "Yau sai na fasa kan mutumin nan yadda ya fasa kwatarniya."

"To, madalla. Jininshi zai cika mani tukunya?"

Na tsaya ina huci. Ta karɓe sandar ta jingine, ta ce wa Inna ta ba ta zuwa faɗuwar rana, in ba ta kawo ruwa ba, ita da kanta za ta ja jakin. Ta wuce gidanta ta ɗauko kwatarniyarta, wadda take alwala a kai, ita kaɗai ta rage mata. Ta ɗora a ka, ta nufi masallaci daidai lokacin da maza suka taru za a yi la'asar. Na bi ta a tsorace, don na san irin abin da ake yi wa tsohuwar da aka laƙa wa wannan suna.

Ta sauke kwatarniyar a kan fasassun waccan. Kowa ya zuba mata ido. Wani daga baya ya ce, "Kai, a kore ta mana!" Ba ta dube shi ba. Ta durƙusa ta gaida Liman, sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"An ce asiri nike yi maku. Ban zo rantsuwa ba, wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba Allah shina gani. Rabinku ni na wanke uwayenku, ban ci kowa ba. Amma yau ba ta kaina nike ba. Ɗiyar mutane tana can kwance ƙafa ta kumbura, gobe za a ɗora ta a jaki ta mutu a daji. In hannuna kuke tsoro, na cire hannuna. Ku zaɓi namiji a cikinku wanda kuka yarda da shi, shi ɗauki ruwan, shi tace, shi zuba a tukunya, shi tsaya har ya tafasa. Ba ni taɓawa sai a gabanshi. In an gama ku bi ku ga inda ruwan ke zuwa. Ni ku kira ni abin da kuka ga dama, na yafe. Ruwan kawai nike so."

Nata'ala ya ce, "Wane namiji ne zai ɗauki kwatarniya a ka, shi ratsa gari, shi kai gidan jego? Sai dai in ba shi da kunya."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ba wanda ya motsa. Ni na yi wuf na ce zan ɗauka, aka ce a'a, ni mijinta ne, bakinmu ɗaya da tsohuwar. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da butarsa. Rana tana yin ƙasa, ni kuwa ba abin da nake gani sai jakin nan da akumari. Gwaggo tana durƙushe a rana, ta ƙi tashi.

Sai Malam Gide ya miƙe. Ya ɗauki butarsa, ya zo ya tsuguna a kan kwatarniyar, ya kurkure baki gefe, ya wanke fuska da hannuwa a ciki, a natse, kamar ba kowa a wurin. Da ya gama ya dubi jama'a ya ce, "Ni zan ɗauka. Wanda ke tsoron hannuna kuma, shi nemi wani liman." Ladan ya biyo, mai unguwa ya biyo, sai ga mutane suna layi. Wasu da suka riga suka yi alwala a gida suka juye ragowar butarsu a ciki. Nata'ala kaɗai ya kaɗa riga ya zagaya baya.

Da aka idar da salla, tsohon nan ya warware rawaninsa a gaban kowa, ya naɗe shi ya yi gammo, aka ɗora masa kwatarniya. Ya kama hanya yana tangaɗi, jama'a na biye, mata na leƙe ta danga suna salati. Ni hawaye ne ke zubo mini. Gwaggo fa? Tana bayansa taku biyu, idonta a kan bakin kwatarniya, sai ji muka yi ta ce, "Malam, sannu mana, yana zuba!" Liman guda, a tsakiyar gari! Har mai unguwa sai da ya yi dariya.

Malam Gide ya tace ruwan da hannunsa, ya zauna a kan turmi har tukunya ta tafasa. Da aka gama wanka Gwaggo ta kira dattawa uku, ta nuna musu tukunyar da ke binne, ta nuna musu tsummokaran da ta wanke, ta kai su gindin zogale ta juye ragowar a gabansu. Ta ce, "Ga asirin nan. Ganyen da matanku ke zuwa tsinka su yi maku kwaɗo, da shi yake raye." Ba wanda ya iya haɗa ido da ita. Inna ta fita da kanta ta kwance wa jaki akumari.

Kada ku ce daga nan sai lafiya. Adama ta ƙara kwanaki tsakanin rai da mutuwa, kullum na shiga sai na danna ƙafarta in ga ko ta sabe. Liman ya yi ta ɗaukar kwatarniya har samari suka ji kunya suka karɓe shi, suna yi bi da bi. Sai wata safiya ina zaure na ji muryarta, siririya, tana cewa, "Gwaggo, wai ba sauran tuwon jiya?" Na zauna a ƙasa na yi ta hamdala. Ba ta yi arba'in ba sai da shamuwa ta iso, hadari ya haɗo, aka yi ruwan fari. Yara na tsalle a waje, mata na guɗa, ita kuwa Gwaggo tana can tana jera tukwane a bakin kowane rufi, tana masifa wai mun tsaya kallo alheri na zuba a ƙasa.

Gwaggo, ke ce kika sayi ran Adama da sunanki. Na san abin da kika biya. Na ga shekarar da kika yi in kin shiga gidan biki a janye yara daga gabanki, na ga waɗanda kika wanke uwayensu suna canja hanya. Ba ki taɓa kai ƙara ba, ba ki taɓa yi wa kowa gori ba. Ke ce mai moɗa ɗaya ta shayar da unguwa. Ke ce uwar waɗanda uwayensu ke nesa. Abin ya ci mini rai a lokacin, har yau kuma bai bar ni ba.

Shekara biyu bayan haka matar Nata'ala ta haihu, ita ma cikin bazara, uwarta kuma ba ta da rai. Mutane da yawa sun ga abin da ya faru. Ya taho tun daga kasuwar Ƙanƙara da sabuwar kwatarniya, da ya iso bakin unguwa ya sauke ta daga jaki ya ɗora a kansa, ya zo ya tsaya a ƙofar Gwaggo. Ta fito ta dube shi, ta dubi kwatarniyar, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa. Ta ce, "Ta gasu. Kai ta inda ka fasa waccan." Daga nan ta ɗauki ganyenta ta nufi gidansa, ta wanke matarsa har arba'in ba fashi. Kwatarniyar tana nan a wurin alwala har yau, rani da damina, ruwanta kuma gidan da aka haihu ake kai wa, in babu a zuba wa itatuwan masallaci.

Yanzu da Gwaggo ta ajiye aiki, ta miƙa wa Adama ganyen da babbar tukunyar. Ta ce wadda ta san zafin rashin ruwa a jikinta ba za ta yi wasa da shi a jikin wata ba.

Mun gode, Gwaggo Saudatu. Allah ya saka miki, ya sanyaya bayanki, ya shayar da ke ranar da kowa ke jin ƙishi. Ku kuma mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, maza da mata, ba a ce ku yi abin da ya fi ƙarfinku ba. Ku sa kwatarniya ƙarƙashin hannunku in za ku wanke. Ku goge kwano da toka kafin ku jiƙa. Ruwan da ya yi aiki ɗaya ku nema masa na biyu. Kada ku jira sai rijiya ta koma kwarfa. In kuma akwai tsohuwa irinta a garinku, ku je ku gaishe ta tun tana ji, kada ku bari sai an laƙa mata suna.

Jiya na kai mata wannan rubutu in karanta mata, na tafi da ɗiyata Larai, wadda Adama ta haifa a bazarar nan. Ta saurara tana gyaɗa kai, ta ce na cika surutu, kuma Liman ne ya yi aikin ba ita ba. Maƙogwarona ya bushe, ta miƙo mini moɗa na sha. Ɗan abin da ya rage a gindin moɗar, ban ma san na yi ba, sai na watsar a tsakar gida. Kafin Gwaggo ta buɗe baki, Larai ta riƙe ƙugu ta dube ni, ta ce, "Baba, ƙasa ta roƙe ka ne?"

Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe baya, sannan ta jawo yarinyar jikinta, ta share ido da bakin zane. Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Yanzu na ajiye aiki."